Shin zaɓen da aka yi wa shanun nama ya bar sawu a cikin DNA ɗinsu?

Ɗalibin Kiwo ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan shanun da ake kiwo don nama ce, irin su Angus, Hereford, Charolais, Limousin da Belgian Blue. An ce an shafe sama da shekara 200 ana zaɓen bijimin da zai yi barbara da karsanar da za a bari a garke, kuma wai zaɓen ya bar sawu a cikin DNA, har mai bincike zai iya duba samfurin sa ya nuna inda hannun mutum ya taɓa.

Yaya sawun yake a zahiri, me ake gani? Ta yaya ake bambance shi da abin da dace kawai ya kawo, tunda duk irin da aka killace shi kaɗai dole ya sha bamban da sauran? In mutum yana da shanu 40 ko 50 daga kowanne cikin iri biyu, wane mataki zai bi tun daga ɗaukar samfur har sakamako, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe? Sannan wannan sani yana da wani amfani ga mai zaɓen bijimi, ko na masu bincike ne kaɗai? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Garke ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sawun yana nan kuma ana ganinsa, amma sai an fara riƙe yadda gado ke tafiya.

Saniya tana da kuromosom 60, wato ƙunshin DNA da ake gado, jere biyu-biyu, ɗaya na uwa ɗaya na uba: tagwaye 29 na jiki da ɗaya na jinsi. Haruffan DNA a kwafi guda sun kai kusan biliyan 2.7. Maraƙi ba harafi ɗai-ɗai yake gada ba, dogayen yankuna yake gada. Lokacin da jikin bijimi ke haɗa maniyyi, kuromosom ɗin da ya samu daga uwarsa da wanda ya samu daga ubansa sukan yi musayar yanki, galibi a wuri ɗaya ko biyu kawai. Don haka idan wani sauyi ya ɓulla a jikin sa guda, a ce wanda ya hana shi fitar da ƙaho, makiyaya kuma suka so abin suka yi ta ba shi shanu, ba sauyin kaɗai ke yaɗuwa ba. Haruffan da ke maƙwabtaka da shi hagu da dama duk suna bin sa, masu amfani da marasa amfani. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Bayan haihuwa hawa goma ko ashirin, sai wurin ya zama kango ta fuskar bambanci. A sauran sassa za ka ga wannan saniya da waccan sun saɓa a haruffa da yawa, amma a nan kusan kowa jerinsa ɗaya, kuma jerin dogo ne fiye da kima, domin musayar yanki ba ta samu lokacin datsa shi ba. In ka ɗauko wani irin da ba a zaɓe shi don wannan hali ba, za ka tarar wurin nasa yana nan da bambancinsa yadda yake. Sawun ke nan.

Abin da ya sa yake fitowa sosai a shanun nama shi ne ƙurucin tarihinsu. Robert Bakewell, wanda ya rasu a 1795, shi ya yi suna a Ingila da haɗa dangi na kusa don tabbatar da siffa. 'Yan'uwan nan Charles da Robert Colling suka bi hanyarsa a kan Shorthorn. Littafin asalin Shorthorn, wato rajistar dabbobin irin da iyayensu, ya fito a 1822, na Hereford a 1846, na Angus a 1862, na Charolais a 1864, na Limousin a 1886. Da aka rufe littattafan, aka daina shigar da dabbar da iyayenta ba sa ciki, sai kowane iri ya zama tsibiri. Tsakanin hawa da hawa a shanu kusan shekara 5 ne, ke nan shekara 200 hawa 40 ne kacal. A lissafin gado wannan jiya-jiya ne.

Sawun da ya fi kowanne bayyana na launi da ƙaho ne, domin da ido ƙungiyoyin makiyaya suka tantance iri. Ƙwayar gado yanki ne na DNA mai wani aiki a jiki; ta MC1R a kuromosom 18 ita ke raba baƙi da ja. Baƙi ke rinjaye, shi ya sa baƙaƙen Angus biyu masu ɓoye ja sukan haifi jan maraƙi ɗaya cikin huɗu. A Amurka, tun da aka kafa tambarin Certified Angus Beef a 1978, wanda ke neman dabba mai baƙar fata, masu Simmental da Limousin suka shigo da jinin Angus har garkunansu da yawa suka koma baƙi. Yau in ka duba kuromosom 18 na baƙin Simmental za ka ga yankin Angus a zaune, kasuwa ce ta dasa shi. Farar fuskar Hereford tana kusa da KIT a kuromosom 6. Farin Charolais daga PMEL yake a kuromosom 5, mai dusashe launi, shi ya sa ɗan Charolais da Angus ke fitowa ruwan toka. Rashin ƙaho yana farkon kuromosom 1, kuma ba cikin wata ƙwayar gado yake ba. A Angus, haruffa 212 ne suka maimaitu suka maye gurbin wasu 10. A Holstein maras ƙaho kuwa wani sauyi ne dabam, maimaicin haruffa kusan 80,000. Hali ɗaya, tushe biyu.

Ta fuskar nama, babban misali MSTN ne a kuromosom 2, mai haɗa sinadarin da ke taka wa tsoka birki. A 1997 aka gano cewa Belgian Blue sun rasa haruffa 11 a cikinta, birkin ya tsinke, tsoka ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Piedmontese na Italiya suna da nasu sauyin, C313Y. Charolais suna da Q204X. Limousin kuma F94L, wanda sassauta birkin kawai ya yi, kuma kusan duk Limousin suna da shi. Iri huɗu, kowanne da tasa hanyar, duk a ƙwaya ɗaya. Irin wannan maimaici shi ne hujjar da ba a musu a kanta.

Akwai wurare biyu na girman jiki da ke fitowa a bincike bayan bincike: PLAG1 a kuromosom 14, da NCAPG da LCORL a kuromosom 6. Dukansu suna ƙara tsayi da nauyi, har da nauyin haihuwa. Na PLAG1 yana da ban sha'awa a Brahman, wani irin shanu mai tozo: nau'in da ke ƙara tsayi ba na shanu masu tozo ba ne tun asali, daga shanun Turai ya shigo lokacin da ake gina irin, aka riƙe shi saboda girma, shi kuma ya taho da jinkirin balaga a karsanoni. Sai kuma sauyin PRLR a kuromosom 20 na Senepol, mai sa gajeren gashi mai santsi da jure zafi.

Hajiyar Ɗakin Gwaji ta amsa:

Malam ya shimfiɗa tushe, bari in ɗauki ɓangaren aiki.

Tun wajen zaɓen dabbobin ake cin nasara ko faɗuwa. Shanu 40 zuwa 50 a kowane iri sun isa a ga manyan sawu, muddin ba 'yan uba ɗaya ba ne. In 20 cikinsu 'ya'yan bijimi guda ne, kowane yankin da ya ba su zai fito dogo kuma mai yawa, ka ɗauka zaɓe ne alhali uba ne. A tattaro daga garkuna da yawa, kada a wuce biyu ko uku daga uba ɗaya.

Samfur iri uku ne aka fi amfani da su. Gashin jela: a tumɓuko 30 zuwa 40 da saiwarsu, kada a yanke da almakashi, don DNA a saiwar take; a sa a ambulan takarda a busasshen wuri, leda tana tara gumi gashin ya yi fumfuna. Ɗan guntun kunne da ake hudowa cikin ƙaramar kwalba mai lamba ya fi dacewa da ƙananan maruƙa, saiwar gashinsu ba ta da ƙwari. Jini kuma a kwalba mai sinadarin hana daskarewa na EDTA, mai murfi ruwan hoda-shuɗi, ba mai ɗaya sinadarin, hefarin, ba, domin hefarin na hana gwajin tafiya. A kiyaye da jinin tagwaye: maruƙan da suka kwana ciki ɗaya jininsu yakan gauraya tun a mahaifa, sai sakamakon ya nuna dabba biyu a kwalba ɗaya. Su sai gashi ko kunne. Bayan an tace DNA, ana son ƙarfinta ya kai nanogiram 50 a kowane maikrolita, ma'aunin tsabtarta na 260 bisa 280 kuma ya zagaya 1.8.

Daga nan sai faifan gwaji mai karanta wuraren da shanu suka saɓa da harafi ɗaya, waɗanda ake kira SNP. BovineSNP50 na kamfanin Illumina yana karanta kusan 54,000, wato alama ɗaya a kowane haruffa 50,000. BovineHD yana karanta kusan 777,000, ɗaya a kowane 3,500. Na farkon ya isa ga sabon sawu mai faɗi kamar na MSTN a Belgian Blue. Tsohon sawu da ya ƙanƙance sai na biyun, ko karanta DNA gaba ɗaya aƙalla ninki 10.

Tankaɗe bayanai yawanci da manhajar kwamfuta mai suna PLINK ake yi, kuma a tuna a sa masa umarnin --cow, in ba haka ba zai ɗauka kuromosom 23 na jinsi ne kamar a mutum, ya ɓata lissafi. A zubar da dabbar da ba a karanta kashi 95 cikin 100 na alamominta ba, haka ma alamar da ta gaza a fiye da kashi 5 na dabbobin. A zana taswirar kusancin dabbobin a gani ko kowane iri ya taru wuri guda. Wanda ya faɗo tsakiya ruwa-biyu ne ko an musanya lamba, a cire shi.

Ma'aunin farko FST ne, daga 0 zuwa 1, mai nuna nisan iri biyu a kowace alama. Tsakanin iri biyu na Turai matsakaicinsa yana wajen 0.1. Ba a dogara da alama guda. Ana haɗa alamomin da ke jere a taga, a ce ta haruffa 500,000 a ƙaramin faifai, a nemi tagogin da suka yi wa saura fintinkau. Na biyu iHS ne, mai auna tsawon jeri. Kafin shi sai an raba wa kowace dabba abin da ta gada daga uwa da na uba da manhajar Beagle ko SHAPEIT, sannan a lissafa da manhajar selscan ko rehh. Rauninsa shi ne yana ganin sauyin da ke kan hanyar mamaye garke, amma ya makance ga wanda ya riga ya mamaye. Ka nemi baƙin launi da iHS a garken da kowa baƙi ne tsantsa, ba za ka ga komai ba. Nan ne XP-EHH ke shigowa, mai kwatanta tsawon jeri a iri biyu. Na uku shi ne neman dogayen yankunan da kwafin uwa da na uba suka zo iri ɗaya sak. Tsawonsu yana faɗin shekarunsu: mai haruffa miliyan 16 ya nuna kaka ɗaya a kusan hawa 3 da suka wuce, mai miliyan 1 kusan hawa 50. Ƙaramin faifai ba abin yarda ba ne a ƙasa da miliyan 4. Kuma a wannan lissafin kada a cire alamomin da kusan kowa ya zo iri ɗaya a kansu, su ne ainihin abin da ake nema.

Yanzu tambayarka ta dace, wadda ita ce mafi nauyi. Iri zai iya ƙunsar shanu miliyoyi, amma saboda 'yan bijimai ne ke haifar yawancinsu, a lissafin gado yawansa bai wuce kamar 100 ba. Da wannan adadi kusancin jini na hawa da rabin kashi ɗaya cikin 100 a kowane hawa, a hawa 40 ya kai kusan kashi 18. Ke nan wasu wurare za su zama iri ɗaya ba tare da kowa ya zaɓe su ba. Kuma ko babu zaɓe sam, in ka jera tagoginka dole a samu kashi 1 na sama. Masu rubuta rahoto da yawa a nan suke zamewa: su ɗauki tagar sama, su tarar da ƙwayoyin gado goma sha a ciki, su tsinci wadda sunanta ya yi kama da tsoka ko kitse, su ƙulla mata labari. Wannan ba hujja ba ce.

Hujja tana ƙarfi idan ma'auni biyu masu tushe dabam suka nuna wuri ɗaya, idan wurin ya sake fitowa a wani irin da aka zaɓa don hali ɗaya ba tare da haɗin jini ba, idan binciken da ya auna nauyi ko naman dabbobi ya nuna wurin yana da tasiri, kuma idan kwaikwayon kwamfuta na tarihin irin ba tare da zaɓe ba ya kasa fitar da tsauni, wato wurin da ma'auni ya yi sama sosai, mai wannan tsayi. Gwada hanyarka a kan abin da aka sani tukuna: in ka kwatanta baƙin Angus da ja ba ka ga tsauni a kuromosom 18 ba, aikinka ne da gyara.

Tuntuɓe biyu na ƙarshe. Taswirar DNA ta shanu, wadda aka fara wallafawa a 2009 daga wata saniyar Hereford mai suna Dominette, an sabunta ta. PLAG1 yana wajen miliyan 25 a tsohuwar UMD3.1, amma wajen miliyan 23 a ARS-UCD1.2. Ka haɗa lambobin wannan da sunayen waccan, sai ka ba wata ƙwaya laifin da ba nata ba. Sannan alamomin ƙaramin faifai daga shanun Turai aka tsinto yawancinsu, don haka a masu tozo kamar Nelore ko Brahman da yawa ba sa nuna bambanci, sai dabbar ta yi kamar jininta ya kusanta alhali faifan ne bai san ta ba.

Ɗalibin Kiwo ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Maganar maƙwabtan da ke bin sauyi ta tsaya mini. In har marasa amfani na bi, ke nan cuta ma na iya bi? Kuma in rasa haruffa 11 na ƙara nama haka, me ya hana a sa shi a kowane iri?

Likitan Dabbobi ya amsa:

Tana bi, ɗana, kuma an biya kuɗinta da maruƙa masu yawa.

Fara da MSTN. Dabbar da ke da kwafi biyu na lalataccen nau'in tana fitar da nama mai yawa bayan fiɗa, kitse kaɗan, ƙashi siriri. Amma maraƙin yana zuwa da kauri a kafaɗa da cinya, ƙugun uwar kuma matsattse, shi ya sa mafi yawan haihuwar tsantsar Belgian Blue da tiyata ake yi. Wasu maruƙan harshensu kan yi girma har kama nono ya yi musu wuya a kwanakin farko, lokacin da suka fi bukatar dakashi. Zuciya da huhu ƙanana ne in an gwada da jikin, don haka zafi da ciwon huhu sun fi kayar da su, balaga na jinkiri, nono kuma kaɗan. A garken da shanu ke haihuwa a fili babu mai tsaye a kansu, wannan asara ce. Hanyar da ake cin amfaninsa ba tare da wahalar ba ita ce a ɗora bijimi mai kwafi biyu a kan manyan shanun da ba su da ko ɗaya, waɗanda suka taɓa haihuwa, a kuma yanka 'ya'yan duka, kada a bar karsana. In aka bar ta aka mayar mata da bijimi mai kwafi biyu, rabin 'ya'yanta za su zo da biyu. A lura kuma cewa sauyi biyu dabam suna haɗuwa su yi aiki ɗaya: Q204X daga uba da rashin haruffa 11 daga uwa sun zama lalatattun kwafi biyu. Takardar gwajin da ta duba nau'i ɗaya kaɗai ba ta wanke bijimi ba. F94L ne mai sauƙin, yana ƙara nama ba tare da ƙara wahalar haihuwa sosai ba.

A Belgian Blue ɗin dai akwai misalin da ya fi wannan kaifi, cutar karkatacciyar jela daga sauyi a MRC2. Mai kwafi biyu yana zuwa tsumburarre, ƙashin baya a karkace, ƙafafu a sandare. Mai kwafi ɗaya kuwa lafiyarsa ƙalau, har ya fi tsara tsoka. Masu zaɓe da ido suka yi ta fifita shi ba su sani ba, har masu ɗauke da sauyin suka kai kusan kashi 25 cikin 100 na irin kafin a samu gwaji.

Wata hanyar ita ce ta shahararren bijimi. A 2008 aka tabbatar da wata cuta a Angus inda ake haihuwar maraƙi matacce, gadon baya a murɗe, gaɓoɓi a ƙage. Dalilinta ɓacewar haruffa kusan 23,000 ne, kuma ta yaɗu ta maniyyin GAR Precision 1680, bijimin da aka yi rububinsa saboda kyawun naman 'ya'yansa. Shi lafiyayye ne, 'ya'yansa na farko ma haka. Sai da jikoki suka haɗu da jikoki abin ya fito, shekaru da yawa bayan haka. Tun a shekarun 1950 an ga irin wannan, lokacin da yayin gajerun shanu masu dunƙulallen jiki ya cika garkunan Hereford da Angus na Amurka da wadanni.

Lissafin cuta mai ɓuya ba ya canzawa. Mai ɗauke da ita a kan mai ɗauke da ita: maraƙi ɗaya cikin huɗu ya kamu, biyu su ɗauka, ɗaya ya tsira. Mai ɗauke da ita a kan wankakkiya: babu mai kamuwa, rabi su ɗauka. Saboda haka ba dole ne a yanka kowace saniya mai ɗauke da ita ba, yin haka ma yana ƙara ƙuntata irin. Bijimi ne ba a sassauta wa, don shi ke haifar ɗaruruwa. A gwada shi, a gwada karsanonin da za a bari.

Ko babu wata cuta mai suna, kusancin jini na ci a hankali. Maraƙin da aka samu daga haɗa uba da 'ya kusancin jininsa kashi 25 ne, na 'yan uba kashi 12.5. Kowane kashi ɗaya yana rage nauyin yaye da kusan rabin kilo, kuma inda ya fi ciwo shi ne ɗaukar ciki da rayuwar maraƙi. Farar fuskar Hereford ma tana da nata haraji: fatar ido mara launi ta fi kamuwa da sankarar ido a ƙasashe masu zafin rana, shi ya sa ake neman masu jan zobe a kewayen ido. Game da ƙaho, bijimi maras ƙaho mai kwafi ɗaya zai haifi rabi masu ƙaho a kan shanu masu ƙaho, kuma masu kwafi ɗaya, musamman maza, sukan fitar da ɗan ƙaho mai girgiɗi da bai manne da ƙoƙon kai ba. Gwaji ne kaɗai ke raba mai ɗaya da mai biyu kafin a ga 'ya'ya.

Mai Lissafin Zuriya ya amsa:

Ranku ya daɗe, duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ina tsoron mai tambaya ya tashi da zaton cewa shanun nama 'yan ƙwayoyi goma ne. Ba haka ba ne, kuma wannan ya shafi tambayarsa a kan amfanin wannan sani ga mai zaɓen bijimi.

Halayen da ke kawo riba, wato saurin girma, cin abinci kaɗan a yi nama, ɗaukar ciki a kan kari, kitsen da ke ratsa tsoka, dubban wurare ne ke riƙe da su, kowanne da ɗan tasirinsa. Wani babban bincike na 2018 a kan tsayin shanu 58,265 ya gano wurare 163, amma dukansu a haɗe ba su bayyana ko kashi 14 cikin 100 na bambancin tsayi ba. Idan ana zaɓe a kan hali irin wannan, babu nau'in da ke mamaye garke. Wannan ya tashi daga kashi 40 zuwa 46, wancan ya sauka daga 55 zuwa 50, a wurare dubu, nauyin yaye ya hau sosai, FST da iHS kuma su ga fili fetal. Hanyar da ke kama wannan ita ce a tara dabbobi dubbai da aka haifa a shekaru daban-daban, a duba nau'o'in da yawansu ke tafiya tare da shekarar haihuwa fiye da abin da dangantaka za ta bayyana. Da shanu 50 ba za a yi wannan ba.

Wagyu na Japan misali ne. Babu ƙwaya guda ta kitsen nan nasu. SCD a kuromosom 26 tana shafar laushin kitsen, ba yawansa ba. Sawun da zaɓen ya bari a fili shi ne ƙuntatar jini: bayan buɗe kasuwar naman Japan a 1991 aka raja'a a kan 'yan bijimai, yawan irin a lissafin gado ya sauka ƙasa da 20.

Don haka mai zaɓen bijimi ya raba aikin biyu. Gwajin ƙwaya guda na ƙaho ne, launi, MSTN da cututtuka masu ɓuya. Girma da haihuwa da nama kuwa sai ƙimar gado da aka lissafa daga awon dabbar, na danginta, da alamomin faifan duka a haɗe, tare da duba lambar ingancin ƙimar. Ya kuma tambayi a kan wane iri aka gina lissafin. Yawancin alamomi ba su ne sauyin ba, maƙwabtansa ne, kuma maƙwabtakar ta kan juye daga iri zuwa iri. Alamar CAPN1 316 ta laushin nama a kuromosom 29 tana aiki a shanun Turai, amma a Brahman nau'in da ake so ɗin da ƙyar ake samunsa, sai da aka nemo wata, 4751, mai aiki a masu tozo. Ƙimar da aka horar a kan Angus in an ɗora ta a kan Charolais ko Nelore, ingancinta kan zube kusan ƙasa, sai irin ya tara nasa dabbobin da aka auna aka kuma gwada.